Ƙafata Ba Ta Kai Ƙasa Ba

"Ban da bakanike."

Iyakar abin da Baba ya ce ke nan. Ya gyara zaman gilashinsa a kan hanci, ya ci gaba da karatun jarida, kamar ba rayuwata ce ya gama yanke wa hukunci ba.

Ina durƙushe a gabansa a falo, idona ya cika da hawaye. Na ce, "Baba, ko ganinsa fa ba ka taɓa yi ba."

"Na ga ɗari irinsa," in ji shi. "Shekara talatin na yi ina raba wasiƙu a kan babur, Auta. Babu bencin garejin da ban ɗumama ba. Ka kai musu babur yana tari, su dawo maka da shi yana atishawa, su kalli tsabar idonka su ce ai haka kamfani ya ƙera shi. Ba zan haɗa zuri'a da su ba."

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana kan doguwar kujera tana kaɗa ƙafa. Dama ita ta kai masa rahotona, ta zauna ganin yadda za ta kaya.

"Faɗa mata dai, Yaya," ta ce. "Ga Manaja, yaro ɗan mutunci, mota mai sanyi, rigarsa ba ta san baƙin mai ba. Amma ita sai wanda in ya gaisa da mutum sai an nemo sabulu."

Manaja ɗan ƙawar Gwaggo ne, shi ke kula da wani kamfanin sayar da tayil. Tsakani da Allah ba shi da mugun hali. Matsalarsa ɗaya ce: duk hirar da aka ɗauko, ko ta ciwon haƙori ce, sai ya lallaɓa ya karkato da ita kan tayil.

Nawa kuwa Dogo ake ce masa, kuma sunan bai zalunce shi ba. Garejinsa na gyaran babura yana layi biyu daga kantin maganin da nake aiki. Wata takwas da suka wuce ya shigo da yanka a hannu yana neman bandeji. Na miƙa masa ta kan kanta, ya karɓa, ya manta hanyar fita. Tun daga ranar, kullum da azahar sai ya shigo. Yau ciwon kai, gobe mura, jibi maganin sauro. Abokiyar aikina ta ce da yana shan rabin abin da yake saya, da tuni an ba shi gado a asibiti.

Tunda Baba bai yarda ya zo gida ba, soyayyarmu kaf a kan kantar nan ta tsaya, sai ɗan abin da waya ta ƙara.

Kuma a bayan kantar nan sirrina yake.

Ni gajeriya ce. Ba irin wadda ake ce wa matsakaiciya don a faranta mata rai ba, gajeriya ta gaskiya. A gidanmu har yau sai na taka kujera nake ɗauko abu a saman firij. Daɓen bayan kantarmu ya fi na wajen masu saye tudu, sannan mai kantin ya sa kafinta ya buga min dogon akwatin katako da nake tsayawa a kai don hannuna ya kai magungunan sama. In ka tsaya ta waje sai ka ga mace sambal, har kafaɗar Dogo nake kaiwa.

Ta ƙofar baya nake shiga, ta nan nake fita. Sau uku yana cewa zai jira in tashi ya raka ni bakin titi, sau uku ina ƙirƙiro dalili. Ranar da ya ce min, "Ni fa abin da ya fara burge ni da ke tsayuwarki ce," na yi masa murmushi, amma ban iya cin abincin rana ba.

*

Maganar babur kuwa gosulo ne ya jawo ta.

Tsakanin gidanmu da kanti tafiyar minti ashirin ce in hanya a buɗe take. Sai dai hanyar ba ta san buɗewa ba sai ranar hutu. Daga shataletalen farko har gada motoci a jere suke, kowa na danna hon kamar hon ɗin ne zai ɗaga na gabansa. Bas ɗin da nake hawa sai ya share awa ɗaya da rabi. Ƙarfe takwas ake buɗe kanti, kuma ni ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar magani. Ba a daɗe ba mai kantin ya ba ni takardar gargaɗi.

Gwaggo na jin haka ta ce faɗuwa ta zo mata daidai. Ta sa Manaja ya riƙa kai ni aiki, ita kuma ta kame a kujerar gaba da sunan rakiya.

Kwana huɗu muka yi. Motar akwai sanyi, ban musa ba, amma sanyi ba ya matsar da mota. Muna zaune babura na wuce mu ta dama da hagu, ni ina bin su da kallo kamar mai jin yunwa a bakin kicin. A kwana huɗun nan na san bambancin tayil ɗin bango da na ƙasa, na san wanda ke santsi in ya jiƙe.

Ranar Alhamis na isa tara da kwata. Na tarar da wata tsohuwa mai ciwon suga ta fi awa ɗaya tana jiran allurarta, allurar na cikin firij, makullin ɗakin na cikin jakata. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Mai kantin bai ɗaga murya ba. Ya miƙo min takarda ta biyu, ya ce daga Litinin in na sake makara in ajiye masa makullinsa.

Da yamma na sake durƙusawa gaban Baba.

"Baba, babur nake so. Na koya a kan ɗan ƙaramin na abokiyar aikina, har lasisi na yi."

Na runtse ido ina jiran faɗa. Sai na ji ƙarar ninke jarida.

"Yanzu kika yi magana," in ji Baba, fuskarsa ta washe. "Tun yaushe nake cewa mota a garin nan ɗakin jira ce mai taya."

Gwaggo ta buɗe baki za ta ce mace da babur, ta hango fuskar yayanta, ta canza layi nan take. "Ai wannan mai sauƙi ne, gobe Manaja zai kawo mata sabo dal."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Baba, in dai zaɓen babur ne, akwai wanda sana'arsa ke nan."

Umma, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta koma ciki da sauri don kada a ce da ita aka haɗa baki.

Baba ya ajiye jaridar a gefe. Sannan ya ce, "To, shi ke nan. Ni zan saya wa 'yata babur, ba na son kyautar kowa. Amma kowannensu ya je ya zaɓo wanda ya ga ya dace da ita, dila ya ba shi ya kawo nan ranar Lahadi da hantsi. Wanda zan iya sakinta a kan nasa ranar Litinin, cikin gosulon nan, hankalina a kwance, shi zan saurara. Ɗayan ya haƙura."

"Haba Yaya," in ji Gwaggo. "Maganar aure ce fa, ba tseren babur ba."

"Na sani. Shi ya sa." Ya juyo kaina. "Ke kuma ba ke ba taimakon kowa. Ko launi kika faɗa wa ɗayansu, na soke maganar."

Na amsa da to, na fita a natse. Ina shiga ɗakina na rufe ƙofa na hau rawa. Wa zai ja da Dogo a kan babur? Mutumin da ke jin ƙarar inji daga nesa ya faɗi abin da ke damunsa?

Ina cikin juyi na haɗa ido da kaina a madubin jikin kabad.

Sai a lokacin na tuna da akwatin.

*

Tun a daren na faɗa wa Dogo sharaɗin Baba ta waya. Washegari da azahar ya shigo yana walƙiya, har da sabon aski. A hannunsa akwai ɗan littafin da ya cika da zane-zane.

"Malamar magani," ya ce, "yau ba ni da ciwon komai. Tun asuba nake zagayen dilolin babura. Guda goma sha ɗaya na hau."

Na kalle shi, sai kawai hawaye suka ɓalle min.

Ya ruɗe. "Subhanallahi, me ya faru? Baba ya fasa ne?"

"Bai fasa ba."

"To Gwaggo ce?"

"Ba ita ba ce. Ni ce. Dogo, akwai abin da ya kamata ka sani game da ni, tun tuni ya kamata in faɗa maka."

"Ya shafi babur ɗin?"

Na gyaɗa kai.

Ya ɗaga hannu biyu kamar wanda aka nuna wa bindiga. "To kar ki faɗa. Don Allah kar ki faɗa."

"Ka tsaya ka ji mana! In ban faɗa ba za ka faɗi!"

"In kika faɗa kuma na ci, da wane ido zan kalli Baba? Mutumin nan ya ɗauka duk bakanike maƙaryaci ne. Karon farko da ya buɗe min ƙofa, sai in shigo ta taga?"

"Ba zai sani ba."

"Ni zan sani." Ya sunkuyo, ya rage murya. "Auta, wata takwas nake kallonki. Na san hannunki na hagu yana miki ciwo in kin daɗe kina ɗaga kwalaye. Na san girman jakarki. Na san yadda kike yafa mayafi. Me ya rage da ban sani ba?"

Kuka ya ƙara ƙwace min, don amsar tana ƙarƙashin ƙafata, ina tsaye a kanta.

"In ka faɗi fa?" na ce. "Baba ba ya magana biyu. Shi ke nan sai in ƙare rayuwata ina jin labarin tayil?"

Ya yi dariya, amma idonsa ya kaɗa. "Ba zan faɗi ba da yardar Allah. In kuma na faɗi, to a kan gaskiya na faɗi. Share hawayenki, ga mutane na jira."

Gaskiya ne, layi ya taru a bayansa. Wani dattijo da ya zo sayen maganin tari ya ce, "Yarinya, ko mene ne ki yafe masa, mu samu mu tafi."

Dogo ya fita yana waiwaye. Abokiyar aikina ta matso ta raɗa min, "Ki sauko daga kan akwatin kawai ki zagaya ya gan ki. Ai ba magana kika yi ba."

Na yi tunanin hakan, wallahi na yi. Amma ƙafata ta ƙi sauka. Rabi tsoron Baba ne, rabi kuma, in faɗi gaskiya, tsoron fuskar Dogo ne in ya gan ni a ƙasa.

*

Ranar Lahadi da hantsi babura biyu suka tsaya a tsakar gidanmu. Ni ina ɗaki, ina leƙe ta labule.

Na Manaja sabo ne fil, ruwan hoda, jikinsa duk roba mai sheƙi, ga faɗi kamar kujerar falo, ga ƙananan tayoyi. A motar ɗaukar kaya aka kawo shi, ko ledar sit ɗin ba a cire ba. Gwaggo sai zagaya shi take tana shafawa.

Na Dogo kuwa shi ya tuƙo shi da kansa. Siriri ne, ruwan toka, ba shi da wani ado.

Baba ya fito da tsohuwar hularsa ta aiki, wadda rabon da ya saka ta tun da ya yi ritaya. Ya fara da Manaja.

"Me ya sa ka zaɓi wannan?"

"Baba, shi ne mafi tsada a shagon. Kuma ba shi da giya, murɗawa kawai ake yi."

Baba ya ce, "Uhm." Ya matsa birki, ya jijjiga kan babur ɗin. Ya juya ga Dogo, ya kalle shi tun daga takalmi har sama, abin da ya ɗauke shi ɗan lokaci.

"Kai fa?"

Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya miƙe. Ya dafa babur ɗin.

"Ranka ya daɗe, gosulo ba gudu yake so ba, tsayawa da tashi yake so. Shi ya sa na nemi marar nauyi, siriri, wanda zai bi tsakanin mota da mota madubi bai taɓa kowa ba. Ba shi da kulocin hannu, don hannunta na hagu yana ciwo, ba zai jure matsawa sau ɗari kafin gada ba. Tayoyinsa manya ne saboda ramukan bayan shataletale. Injinsa ba ya saurin zafi in an daɗe a tsaye. Na sa murfi a kan sarƙa da raga a gefen tayar baya, don mayafinta dogo ne, kada iska ta kai shi ciki. Wannan akwatin na baya kuma daidai jakarta ne, da wurin hular kwano."

Baba ya matso kusa da babur ɗin. Ya tsuguna ya duba murfin sarƙar, ya ja shi da ƙarfi, bai motsa ba. Ya tayar da injin, ya karkata kunne yana saurare. Na ga gefen bakinsa yana son yin murmushi yana hana shi.

"Auta!" ya kira. "Fito."

Na riga na zura wani takalmi mai tsini da na aro. Umma ta tare ni a ƙofa, ta nuna shi da baki.

"Cire. Da wannan za ki taka birki? Sa na aikinki."

"Umma, don Allah."

"'Yar nan, yau ko gobe sai ya gan ki. Gara ya gan ki da rana tsaka."

Na sa takalmin aiki, shafaffe kamar faranti. Na fito tsakar gida.

Dogo yana tsaye yana kallon ƙofa, idonsa a daidai inda ya saba ganin fuskata. Na zo har gabansa na tsaya. Bai sauko da kai ba, ya ɗan matsa gefe don ya ba ni hanya.

"Sannu 'yan mata," ya ce, har yanzu yana leƙen ƙofa. "Antin taki tana fitowa?"

Na ce, "Ni ce."

Ya sauko da ido a hankali. Ya ci gaba da saukowa. Da ya iso kaina, bakinsa ya buɗe, ya kalle ni, ya kalli sit ɗin babur ɗinsa, ya sake kallona.

Gwaggo ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

*

Na Manaja na fara hawa. Ƙafafuna biyu suka sauka a ƙasa daram, kamar don ni aka ƙera shi. Na zagaya tsakar gida, na fita layi na dawo. Yana da nauyi a kwana, birkin gaba kuma sai na matse shi har ƙarshe yake kamawa, amma na hau lafiya na sauka lafiya.

"Alhamdulillahi!" in ji Gwaggo. "Magana ta ƙare."

"Saura ɗaya," in ji Baba. Ya riƙe kan na Dogo. "Hau."

Na yi bismilla na haye. Hannuna ya zauna daidai, birki laushi kamar an auna yatsuna. Sannan na miƙa ƙafa neman ƙasa.

Babu ƙasa.

Na miƙa ta dama, iska. Na miƙa ta hagu, iska. Ƙafafuna suna reto kamar na yarinyar da aka ɗora a kan tebur. Na zame gefe guda, na karkace, da ƙyar babban yatsana ya shafi siminti.

"Ya yi min daidai," na ce da sauri. "Baba, ka gani, na taɓa. Sake shi kawai, zan iya."

Baba bai saki ba. Dogo yake kallo.

Na juya na kalle shi ni ma, ina roƙonsa da ido ya yi shiru. Abu kaɗan ake nema. Ya ce za ta saba, ya ce haka ake fara wa, ya ce duk abin da bakanike ke cewa.

"Sauko, Auta," ya ce.

"Dogo!"

"Sauko, don Allah." Ya juya ga Baba, ya cire hularsa. "Ranka ya daɗe, kada ka bar ta ta fita da wannan. A gosulo mutum yana sa ƙafa a ƙasa fiye da yadda yake murɗa mai. Tsayawar farko a bakin danja, in ƙafarta ba ta samu ƙasa ba, gefe za ta faɗi, kuma akwai bas a bayanta. Kuskurena ne. Na auna komai, ban auna wannan ba."

"Ba a gyarawa?" in ji Baba.

"Ana gyarawa. A rage soson sit, a sassauta ƙafar baya, a sauke gaba kaɗan. Amma aikin kwana huɗu ne in ana so ya yi kyau, kuma gobe ne Litinin. Sharaɗinka na gobe ne. Na wannan bawan Allah ya fi dacewa da ita gobe."

Na sauko ban san yadda aka yi ba. Kuka nake yi sosai, irin mai shessheƙa, ban damu da kowa ba.

"Laifina ne!" na ce. "Me ya sa ba ka bar ni na faɗa maka ba? Me ya sa yanzu ba za ka yi shiru ba? Minti ɗaya kawai, Dogo, minti ɗaya!"

"In na yi shiru na same ki, gobe kuma a kira ni daga asibiti?" Ya girgiza kai. "Gara ina ganinki a motar wani da ƙafafunki biyu."

Ya goge ido da bayan hannu, ya zaro sifana daga aljihu. Na ɗauka nasa zai kwance. Sai na ga ya nufi na Manaja, ya tsuguna a gaban tayar gaba.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa," ya ce masa. "Birkin nan ya yi sako-sako, na gani lokacin da ta juyo. Bari in ɗaure shi kafin in tafi. Madubin hagu ma sama yake kallo."

Ƙarar sifana da shessheƙata kawai ake ji. Ko Gwaggo ta daina dariya.

Ya gama, ya gwada birkin sau uku, ya miƙe. Ya durƙusa wa Baba, ya kama babur ɗinsa ya fara turawa waje.

"Tsaya," in ji Baba.

*

Baba ya jawo kujera ya zauna a inuwa, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Tambaya gare ni. Kai, wata nawa ka ce kana neman yarinyar nan?"

"Takwas, ranka ya daɗe."

"Wata takwas, ba ka san tsawonta ba?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ni na amsa, ina jan hanci. Na faɗi maganar daɓen, na faɗi ta akwatin, na faɗi ƙofar baya da ƙaryar da na yi sau uku don kada ya raka ni.

Baba ya cire gilashi. "Wato tun da kuke, kanta na tsakaninku? Bai taɓa tsayawa kusa da ke ba?"

"Ko sau ɗaya, Baba. Ka ce kada ya zo, bai zo ba."

Umma ta yi wani ɗan tari daga ƙofar kicin, irin wanda ba na mura ba.

Baba ya juya ga Manaja. "Kai kuma ka dace ƙwarai. Sit ɗin nan kamar an gwada. Yaya aka yi?"

Gwaggo ta fara yi masa alama da ido. Amma na faɗa muku, Manaja ba shi da mugun hali.

"Gaskiya, Baba, Gwaggo ce ta karɓo awonta a wurin telarta. Na tura wa dila ta waya, shi ya zaɓo. Ni ban taɓa hawa babur ba. Launin dai ni na zaɓa, don akwai wani tayil da muke da shi mai irin..."

"Ya isa," in ji Baba. Ya fara lissafi da yatsu. "Tela ta ba da awo. Ƙanwata ta kai saƙo. Dila ya zaɓa. Wancan dogon ya ɗaure birki. To cikin huɗun nan wa zan ba 'yata? Tela mace ce, dila ban san shi ba, ke kuma gwaggonta ce."

"Yaya, wannan ai murɗiya ce!" in ji Gwaggo. "Yarinya kawai ka hana ba da satar amsa, ni ba ka hana ni ba!"

"Ban hana ki ba, don ban zaci sai na hana ki ba."

Manaja ya yi gyaran murya. Ya kalle ni, ya kalli Dogo, ya yi ɗan murmushi mai ciwo.

"Gwaggo, a bar maganar," ya ce. "Kwana huɗu ina kai ta aiki, ko sau ɗaya ba ta kalle ni yadda take kallon mutumin nan yana ɗaure birki ba. Ni ma ina da ido."

Ya miƙa wa Dogo hannu. Dogo ya nuna masa tafinsa da baƙin mai, Manaja ya kama hakanan ya girgiza. Gwaggo ta ja tsaki, ta ce ita dai ba ruwanta, in aka haifi 'ya'ya rabi a sama rabi a ƙasa kada a kira ta suna. Amma ba ta tafi ba, ta gyara zama.

"To aikinta fa gobe?" in ji Umma.

"Ni zan kai ta," in ji Baba. "Nawa yana nan a rumfa, mai kawai yake so. Hanyoyin da na sani a garin nan, gosulo bai san su ba." Ya miƙa hannu wajen Dogo. "Kana da tef ɗin awo?"

Dogo ya lalubo shi a aljihu. Ya matso kamar zai tsuguna a gabana.

"A'a," in ji Baba, ya karɓe tef ɗin. "Ba ka kai nan ba tukuna. Koma can ka buɗe littafinka."

Baba da kansa ya tsuguna, gwiwarsa na ƙara, ya auna daga ƙasa zuwa ƙuguna, ya faɗi inci. Dogo ya rubuta. Baba ya sake aunawa don a tabbatar, Dogo ya sake rubutawa.

"Ina son ƙafafunta biyu a ƙasa, ba yatsa ba. Ka ce kwana huɗu?"

"Huɗu, ranka ya daɗe."

"Na ba ka shida, kada ka yi min aikin gaggawa. Ka kawo shi ranar Asabar." Baba ya naɗe tef ɗin a hankali, ya saka masa a tafin hannu, bai saki hannun ba. "Kuma kada ka zo kai kaɗai. Ka taho da manyanka."

Dogo ya durƙusa zai yi godiya, gwiwoyinsa biyu a ƙasa, hawaye na bin fuskarsa. Karon farko ke nan da na ga idonsa daidai da nawa ba tare da na taka komai ba, kuma bai kawar da kai ba.